Ciwon baya: kowace ƙofa da irin maganinta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana a kan ciwon baya, ciwon da da wuya ka shiga gida ba ka tarar da mai shi ba, amma ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da dankalin turawa da kabeji a kasuwar kayan gwari ta Farin Gada a nan Jos. Kafin Allah ya hore mini jari na yi shekara 11 ina dako a wannan kasuwa, saboda haka na san nauyin buhu a wuya da gadon baya. Ni ba likita ba ne. Abin da zan faɗa, wani a jikina na gan shi, wani a jikin yaron da ke sauke mini kaya, sauran kuma 'yar ƙanina ce, wadda ta karanci aikin gashin ƙashi, ta zaunar da ni ta karanta mini tana fassarawa.

A hunturun 2024 abin ya same ni. Motar dankali ta iso daga Bokkos bayan sallar asuba, cikin irin sanyin nan na Jos da ke sa yatsu su ƙage. Na sunkuya in ja bakin buhu in duba kayan, ba ma ɗauka zan yi ba, sai na ji kamar an soka mini tsinke a ƙugu. Miƙewa ta gagara. A Keke aka kai ni gida ina dafe da gwiwa.

Ƙofar farko da na shiga ita ce ta mai kemis na layinmu. Ya yi mini allura, ya ƙulla mini haɗi a leda, ƙwaya biyar-biyar safe da dare, fara da ja da ruwan ɗorawa, babu wadda ke cikin kwalinta balle in san sunanta. Kwana uku da haka surukina ya zo da wanzami aka yi mini ƙaho. Mai tallar magani da lasifika a bakin tasha ya ce ai basir ne ya hau baya, ya sayar wa ɗana jarka guda. Wata tsohuwa ta ce sanyi ne ya shiga ƙashi. Duk da kyakkyawar niyya suka yi, ban zargi kowa ba.

Da aka shiga mako na biyu sai na tafi wani asibitin kuɗi. Likitan bai taɓa bayana ba, bai ce in tashi in taka ya gani ba. Tambaya biyu ya yi, ya rubuta mini hoto. Da na dawo da hoton ya ɗaga shi saitin taga, ya nuna wani wuri da bakin biro ya ce, "Alhaji, ƙashin bayanka ya zaizaye. Ka daina sunkuyo, ka kwanta ka huta, sallah ma a kujera." Ya rubuta mini ɗamara mai ƙarafa a ciki da ƙarin ƙwayoyi, bai tambayi abin da nake sha a gida ba.

Malam Edita, wannan kalma ta "zaizaye" ta fi ciwon kansa kayar da ni. Na koma gida ina jin bayana kamar tsohon tulu mai tsaga, wanda motsi kaɗan zai fasa. Wata biyu ina kwance a katifa. Buta ma miƙo mini ake yi. In zan juya sai na kira mai ɗakina. Abokan ciniki da na yi shekaru ina riƙe da su suka koma wasu rumfuna, kuma ban ga laifinsu ba, don kayan gwari ba ya jiran mai jinya. Azumi ya kama ina kan haɗin nan da na asibiti gaba ɗaya, in sha da sahur in sha da buɗa-baki. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: ƙirjina ya ɗauki zafi, bayan gida ya koma baƙi kamar kwalta, jiri ya yar da ni a bakin banɗaki. Gyambon ciki ne ya fashe yana zubar da jini. Kwana 4 na yi a gadon asibiti, aka ƙara mini jini. A nan ne wani mai haɗa magani ya zazzage ledar a tafin hannunsa ya tantance mini: uku daga cikin ƙwayoyin duk dangi ɗaya ne, su dikulofenak da ibufurofen, waɗanda ba a haɗa su a sha tare, ta huɗu kuma deksa ce, irin wadda wasu ke sha don su yi ƙiba.

Da Ƙaramar Sallah 'yar ƙanina ta zo daga inda take aiki. Ta gaishe ni, ta ga ɗamarar, ta ga hoton, ta ja tabarma ta zauna. Tambayoyin da ta yi mini babu wanda ya yi mini su a wata uku. "Baffa, kana riƙe fitsari da bayan gida lafiya? Tsakanin cinyoyinka bai mutu ba? Ƙafa tana ja? Akwai zazzaɓin yamma ko gumin dare? Ka rame kafin ciwon ya zo? Ka faɗi daga wani wuri?" Duk na ce a'a. Ta sa na taka da dunduniya, na taka da yatsu, ta kwantar da ni ta ɗaga ƙafafuna ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, "Baffa, bayanka da ƙarfinsa. Abin da ke hoton nan furfura ce ta ciki. Yadda gemunka ya yi fari bai hana ka komai ba, haka wannan." Ta nuna mini wani bincike na 2015 da ya tattara hotunan bayan mutanen da babu abin da ke musu ciwo: a cikin masu shekara 50, kusan 80 cikin 100 hotonsu na nuna irin wannan zaizayar. Ni kuwa a lokacin shekarata 54.

Ta kwance ɗamarar ta rataye a ƙusa. Ranar farko daga ɗaki zuwa zaure kawai na je. Bayan kwana uku na kai masallacin layi. Ta koya mini motsi guda huɗu da nake yi a kan tabarma bayan asuba, ta ce zai yi zafi amma zafin ba ɓarna ba ne. Ni da ruku'u nake auna sauƙina: yau hannu ya kai cinya, jibi ya kai gwiwa. Ranar da goshina ya taɓa ƙasa a sujada, bayan wata uku ina sallah a kujerar roba, na daɗe ban ɗago ba, hawaye ya jiƙa dardumar. Har yanzu bayan yakan motsa, musamman in sanyi ya sauko, amma ina kasuwa kullum.

Da a nan maganar ta tsaya da ban ɗauki biro ba. Abin da ya hana ni barci shi ne na yaron da ke mini dako. Saurayi ne da bai wuce shekara 24 ba, mai ƙarfi, yakan ɗauki buhun da ya kai kilo 100 ya haye da shi bayan mota. Shi ma baya ya dame shi, kusan lokaci ɗaya da ni. Shi babu halin kwanciya, in bai ɗauka ba ba zai ci ba, sai ya koma haɗiyar tiramol da shayin safe kamar yadda da yawansu ke yi. Da na dawo kasuwa na tarar ya zube, wandonsa da igiyar buhu yake ɗaure shi. Da la'asar sai ya nemi rana ya zauna yana rawar sanyi. Ya ce mini da dare gumi ke jiƙa masa riga, kuma ciwon ya fi tsanani in ya kwanta. Sau biyu ya je ƙaramin asibiti, sau biyu aka ba shi maganin maleriya da na kashe zafi aka sallame shi. A gida an ce sammu ne. Da ya ɗaga riga na ga wani ɗan tudu ya fito a tsakiyar gadon bayansa kamar gwiwar yatsa. Na tuna tambayoyin da aka yi mini, na ga shi amsarsa duk "e" ce. Kafin mu gama haɗa kuɗin asibiti ƙafafunsa suka saki, ya faɗi da buhu a kansa.

A babban asibiti aka ce tarin fuka ne ya ci ƙashin baya. Muka ce ai ba ya tari. Likita ya ce ƙwayar cutar ba huhu kaɗai take kamawa ba, takan zauna a ƙashin baya ta cinye shi a hankali har ya rufta ya danne lakar da ke aika saƙo ƙafa. Maganin kyauta ne a ƙarƙashin shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa, ya sha shi kusan shekara. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma da sanda yake tafiya yanzu. Dako ya ƙare masa. Yana zaune a rumfata yana tsince ruɓaɓɓen dankali.

Ka duba lamarin nan, Malam Edita. Ni da nake buƙatar bayani da motsi, an ɗora mini hoto da ɗamara da kwanciya da ƙwaya har na kusa rasa raina. Shi da yake buƙatar hoto da gwaji tun watan farko, an ba shi maganin maleriya. Gari ɗaya muke, shekara ɗaya. Abin da ya cuce mu duka biyun abu ɗaya ne: babu wata ƙa'ida da kowane ma'aikacin lafiya ya san dole ya bi in mai ciwon baya ya zauna gabansa, kuma mu marasa lafiya ba mu san abin da ya kamata a yi mana ba balle mu tambaya. Maganin da za ka samu ya dogara da ƙofar da ƙafarka ta fara kai ka.

Wasu ƙasashe sun rubuta tasu. Ingila ta fitar da jagorarta ta hannun NICE, hukumarsu mai tsara ƙa'idojin jinya, a 2016. Ostareliya ta fi burge ni, don a watan Satumba na 2022 hukumarsu mai kula da inganci da amincin aikin lafiya ta fitar da ma'aunin ƙasa na kula da ciwon ƙasan baya, magana 8 kacal. A fara da tambaya da duba jiki don a gano ko akwai alamar haɗari. A tambayi halin da mutum yake ciki, tsoronsa da damuwarsa da aikinsa, don waɗannan na iya sa ciwo ya daɗe. Kada a yi hoto sai ana zargin wata babbar cuta. A yi wa mutum bayani, a ƙarfafa masa gwiwar ci gaba da motsi da harkokinsa, a yi taka-tsantsan da ƙwayoyi, sannan a sa masa ranar dawowa don in bai samu sauƙi ba a sake dubawa ko a tura shi gaba. Da aka karanta mini sai na ga kamar wanda ya rubuta ya bi ni ƙofa-ƙofa yana lissafa abin da aka tsallake. Ta ƙarshen nan, da an bi ta, da ta ceci yarona: da an ce masa "dawo bayan mako biyu", aka ga ya ƙara ramewa, da wani ya tsaya ya yi tunani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da tata a watan Disamba na 2023, a kan ciwon bayan da ya wuce wata 3. Ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ke fama da ciwon ƙasan baya a duniya, ana hasashen su kai miliyan 843 a 2050, kuma babu ciwon da ya kai shi nakasa mutane. Kusan 9 cikin 10 ba a iya danganta ciwonsu da wata cuta takamaimai, irin nawa ke nan. A cikin abubuwan da ta ce kada a riƙa yi akwai ɗamarar baya, da jan ƙashi da na'ura, da ƙwayoyi masu ƙarfi dangin tiramol. Ta yarda da bayani, da atisaye, da tausa, da magungunan kumburi irin su ibufurofen in an bi ƙa'ida.

Maganar tiramol sai na ɗan tsaya a kanta, don a kasuwarmu ita ce karin kumallon wasu. Rahoton 2018 na binciken shan ƙwaya na ƙasa da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ce 'yan Najeriya kusan miliyan 4.6 ke shan irin waɗannan ba bisa umarnin likita ba. Ana yawan cewa shaye-shaye ne da lalacewar tarbiyya. Wasu haka ne. Amma ni da nake zaune da 'yan dako da masu tura baro da direbobin Keke, na san da yawa daga ƙugu suka fara. Baya ya riƙe, yara na jiran cefane, abokin aiki ya miƙo rabin ƙwaya, daga rabi sai ɗaya, daga ɗaya sai mai lamba 225 wadda NDLEA ke ta kamawa. Kuma abin takaici, a 2023 mujallar Lancet ta buga wani gwaji da aka yi a Ostareliya kan mutum 347 masu sabon ciwon baya ko na wuya. An ba wasu ƙwaya mai ƙarfi ta wannan dangi, wasu kuma ƙwayar da babu magani a cikinta, bayan mako 6 waɗanda suka sha mai ƙarfin ba su fi sauran samun sauƙi ba. Duk mai son a rage shan tiramol a Arewa, ya fara da samar wa talaka hanyar da zai bi in bayansa ya riƙe.

Ba ina cewa a kwafo ta Ostareliya a manna mana ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, saboda haka a tamu dole tarin fuka na ƙashin baya ya zo a layin farko, da manyan baƙaƙe. Muna da masu sikila da yawa, nasu ciwon bayan daban ne. Muna da mata masu ciwon mara da na ƙoda da ke zuwa da sunan ciwon baya. Shawarar "ka ci gaba da motsi" ta dace da ni mai rumfa, amma ɗan dako motsin ne ya yi masa yawa. Shi abin da za a gaya masa shi ne ya raba buhu biyu, ya koma kwandon tumatir ko baro na 'yan kwanaki, kada ya kwanta kuma kada ya koma kilo 100 gobe. Wannan ɓangaren har da mu masu kaya a ciki. Ni dai tun abin da ya faru ba a ɗaukar mini babban buhu sai mutum biyu, ina biyan su duka, kuma ban talauce ba.

Sannan a tuna ƙofar farko a wurinmu ba ta likita ba ce. Ta mai kemis ce, sai ma'aikacin lafiya na ƙaramin asibitin unguwa, sai wanzami da mai ɗori. Ƙa'idar da ta tsaya a teburin manyan likitoci a Abuja, ko a asibitocin ƙashi na Dala da Igbobi da Enugu, ba za ta kai ga yarona ba. Ina roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta zauna da ƙungiyar likitoci da ta masu gashin ƙashi da hukumar masu harhaɗa magunguna da hukumar lafiya a matakin farko, su fitar da magana gajera, shafi ɗaya ko biyu, a sa ta cikin littafin umarnin da ma'aikatan ƙananan asibitoci ke aiki da shi, a fassara ta da Hausa da sauran harsuna, boko da ajami. Mai kemis ya san cewa haɗa dangin dikulofenak biyu a leda ɗaya laifi ne, ya kuma san alamomin da in ya ji su zai ajiye leda ya ce "tafi asibiti yau". Wanzamai da masu ɗori kada a raina su, mutane na zuwa wurinsu kuma za su ci gaba da zuwa. A kira shugabanninsu a koya musu alamomin nan. Wanzamin da ya yi mini ƙaho mutumin kirki ne, na tabbata da ya san tudun baya da gumin dare na nufin tarin fuka, ba zai ɗora ƙaho a kai ba.

Akwai kuma batun kuɗi. Muddin hoto da ɗamara da allura ne ke kawo wa asibiti kuɗi, zama na minti 15 ana yi wa mutum bayani kuma ba ya kawo komai, to hoton za a yi ta rubutawa. Tun 2022 aka yi dokar hukumar inshorar lafiya ta NHIA, jihohi ma suna da nasu. Su ne ke da wuƙa da nama a nan: su sauƙaƙa biyan kuɗin gashin ƙashi da zaman bayani, su riƙa tambayar dalilin kowane hoton baya da aka rubuta a makon farko. Masu gashin ƙashin kuma yawanci a manyan asibitocin birni suke. Mutumin Bokkos ko Wase sai ya yi doguwar tafiya a mota mai jijjiga kafin ya ga ɗaya. Ko sau ɗaya a mako ne a riƙa tura su asibitocin ƙananan hukumomi, su koya wa ma'aikatan can motsin da aka koya mini a tabarma, wanda ba ya buƙatar wuta ko na'ura.

Na san wani zai ce takarda ce kawai, za a buga a yi taro a otal a jefa a durowa. Tsoron nan gaskiya ne. Shi ya sa nake son a liƙa ta inda mara lafiya zai gani, a karanta ta a rediyo, limamai da fastoci su ambace ta. Ranar da ɗan dako ya iya cewa, "Likita, an ce in ina gumin dare ina ramewa a gwada ni tarin fuka," ko tsoho irina ya ce, "An ce kada in kwanta, me ya sa ka ce in kwanta?", durowa ba za ta iya riƙe ta ba.

A halin yanzu na sa ɗana ya rubuta alamomin haɗarin da manyan baƙaƙe a jikin kwali, na buga da ƙusa a ginshiƙin rumfata: fitsari ko bayan gida ya kufce, tsakanin cinya ya mutu, ƙafa ta saki, zazzaɓi da gumin dare, rama, tudu a baya, faɗuwa daga sama. Mutum biyu sun tafi asibiti a dalilinsa. Sauran kuwa in na nuna musu sai su ce, "Alhaji, yaushe ka zama likita?" Gaskiyarsu ce. Kwalin ba shi da hatimin kowa. Ina son in cire shi in liƙa wanda ke ɗauke da hatimin Ma'aikatar Lafiya.

Na gode da ba ni fili. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Naka,
Mai sayar da dankali,
Kasuwar Farin Gada, Jos.